Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu ɗakunan awon duwatsu da ma'adinai: lambar kaɗai ba ta ishe mu ba

Assalamu alaikum malamai, masu lab ɗin da ake kai wa dutse da ƙasa a auno zinare da dalma da jan ƙarfe da sauran ƙarafan da ke ɓoye a ciki, da manajojinku, da wanda ke sa hannu a ƙasan satifiket. Ya aiki, ya fama da jama'a?

Ni cikin masu kawo maku samfur nake, kuma maganar da zan yi ba faɗa bane, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Takardar sakamakon da da yawanku ke ba mu lamba ce tsirara. Sunan samfur, sunan ƙarfe, lamba, sa hannu, hatimi, shikenan. Ba a faɗi da me aka narka dutsen ba, ba a faɗi giram nawa aka ɗiba ba, ba a faɗi inda idon injin ya tsaya ba, balle a nuna mana me ya fito lokacin da aka gwada injin da samfurin da dama an san amsarsa. Kuma fa a kan wannan lambar ne wani zai kwashe abin da ya tara ya zuba a rami, ɗalibi zai gina digirinsa, hukuma zata ce ƙasar wuri kaza ba guba a bar yara su cigaba da wasa a kai. Nasan ba dukanku bane, akwai waɗanda rahotonsu yake zuwa cikakke har sai ka gaji da karatu, to su ba da su nake ba.

Ku kun san ƙanƙantar abin da ake nema amma bari in faɗa saboda masu karanta wasiƙar nan da ba sana'arsu bace. In aka ce ppm ɗaya, kashi ɗaya ne cikin miliyan, wato giram ɗaya a cikin tan guda na dutse. In aka ce ppb kuma kashi ɗaya ne cikin biliyan. Zinaren da ke cikin dutsen da muke takawa kullum bai wuce 'yan ppb ba, dalma da jan ƙarfe kuma 'yan gomomin ppm ne, kuma akwai manyan mahaƙai a duniya da ke cin riba da dutsen da zinarensa bai wuce giram ɗaya ko biyu a tan ba. A irin wannan awon ƙurar da ta maƙale a injin niƙa daga samfurin jiya, ko zoben da ke yatsan ma'aikaci, ya isa ya canza amsa gaba ɗaya.

Mu fara da narkawa tunda nan ne aka fi yi mana rufa-rufa ba da gangan ba. Yawanci inji baya auna dutse, ruwan da aka narka dutsen a ciki yake aunawa, abin da bai narke ba kuwa a wajen inji babu shi a duniya. In kuka yi da akwa rejiya, kashi uku na asid ɗin haidurokulorik da kashi ɗaya na naitirik, ta iya cinye ma'adinan salfa da zinaren da ke fili, amma jikin dutsen kansa, su kwaz da yawancin 'yan uwansa, ko gezau. To wannan ba duka ƙarfen da ke cikin dutsen ta fito da shi ba, wanda ya yarda ya fito ne kawai. In kuka haɗa asid huɗu har da HF, wannan mugun asid ɗin da ke cin gilas kuma in ya taɓa fata yake ratsawa har ƙashi, Allah ya kiyaye ma'aikatanku, to an kusa narka komai, amma kusa na ce. Zirkon yana zama a ƙasan kwalba abinsa, kuromait ma haka, sai kaga zirkoniyom da hafniyom da wasu daga cikin ƙarafan nan da ake kira masu wuyar samu sun fito ƙasa da gaskiyarsu. Kuma zafin da ake busar da asid ɗin da shi yana iya korar wani ɓangare na asinik da antimoni, makyuri kam ba a ma maganarsa. In kuma kuka gasa garin da gishirin litiyom boret a wutar da ta kai digiri 1000, komai zai narke har zirkon ɗin, amma ai baza ku auna litiyom ko boron a wannan ruwan ba tunda da hannunku kuka zuba su. Kowace hanya da abin da take gani da abin da take makancewa a kai, kuma ku kun san wannan fiye da ni, a bakinku ma muka koya. To don me ba za a rubuta a takardar ba? Mutum ya kai dutse ɗaya lab biyu, wannan ya ce kuromiyom ɗinsa kaza, wancan ya ce ninkinsa, sai a fara zargin juna da ha'inci, alhali ba wanda yayi ƙarya a ciki, ɗaya akwa rejiya ya yi ɗaya gasawa ya yi. Layi ɗaya ne fa a saman takarda, da ya kashe rigimar.

Kafin ma a zo narkawa akwai niƙa. Kwanon niƙa na ƙarfe mai kuromiyom yana sakar wa samfur kuromiyom da baƙin ƙarfe, na tangstin kabaid yana sakin tangstin da kobalt, kuma dutse mai tauri irin mai yawan kwaz shi yafi kankaro su. Wanda ke neman kobalt aka niƙa masa a tangstin kabaid, kwanonku ya auna ba dutsensa ba. Ku faɗa mana a me aka niƙa. Ku faɗa mana kuma ko ana wanke kwanon da tsabtataccen yashi tsakanin samfur da samfur, musamman in wanda ya gabata mai nauyi ne, wato mai yawan ƙarfen da ake nema, don zinare ƙarfe ne mai laushi, baya farfashewa kamar dutse, shafuwa yake a jikin kwano ya jira na baya.

Maganar zinaren nan zan ɗan daɗe a kanta don ita tafi jawo kuka. Awon wuta tsohuwar sana'a ce, tun 1556 littafin Bajamushen nan Agricola ya zana yadda ake yinta kuma har yau ita ce ake komawa gareta. A ɗebi giram 30 ko 50 na garin dutse, a cakuɗa da garin dalma mai ruwan ɗorawa da soda da boraks da ɗan yashi da 'yar azurfa, har da ɗan fulawa don ita ke mayar da garin dalmar ya koma ƙarfe, a sa a tanderu sama da digiri 1000. Dalmar ta narke ta gangaro ƙasa tana tsintar duk zinaren da ta gamu da shi a hanya, a juye, a fasa dattin da ya daskare a sama kamar gilas, a ciro dunƙulen dalma. Sai a ɗora shi a wani ɗan kofi da aka yi da tokar ƙashi ko magnisiya a mayar wuta, kofin ya shanye dalmar tas, ya bar wata 'yar ƙwaya da wani lokacin sai ka sunkuya kafin ka ganta, azurfa ce da zinaren a ciki. Ita ake narkawa a kai inji. Wallahi aiki ne mai kyau, duk wanda ya tsaya ya ga an yi shi zai girmama ku.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Zinare yana da nauyi, giram 19.3 a kowane santimita kubik, don haka ƙwayarsa mai faɗin milimita 0.1 nauyinta kusan maikurogiram 10 ne. Dutsen da ke da giram ɗaya a tan, in ka ɗebi giram 30 daga ciki, maikurogiram 30 na zinare ya kamata ka samu, ƙwaya uku kenan kacal. Cokalinka ya kamo biyu ko ya kamo biyar, amsa ta tashi daga 0.7 zuwa 1.7 ba tare da kowa yayi kuskure ba. In kuwa ƙwayoyin sun kai milimita 0.2, kowace ɗaya ta kusa maikurogiram 80, kaga yawancin ɗibar giram 30 ɗin baza su kamo ko ɗaya ba, za a rubuta maka babu, wanda ya dace ya kamo guda kuma a rubuta masa 2.7. Leda ɗaya fa, gari ɗaya. To mai samfur ya karɓi 2.7 ya tafi yana murna, ko ya karɓi babu ya watsar da wuri mai kyau, kuma a takardar an rubuta masa 2.713 da lambobi uku bayan ɗigo kamar an auna da ma'aunin da baya kuskure. Waɗannan lambobin na bayan ɗigo ado ne kawai malamai. In kun maimaita samfur kun ga tagwayen basu yi kama ba, ku gaya mana, ku ce zinarenka mai manyan ƙwaya ne giram 30 bai ishe shi ba, a tankaɗe kilo guda a gasa abin da ya tsaya a kan rariya gaba ɗaya daban, a auna wanda ya wuce daban, ko a kai wa injinan nan na zamani da ke haska kusan rabin kilo a lokaci ɗaya. Bafaranshen nan Pierre Gy ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna cewa kuskuren ɗibar samfur ya fi kuskuren inji girma nesa ba kusa ba, amma har yanzu talla a kan inji ake yi, ba wanda ke tallan yadda yake raba gari.

Za ku ce to ai mu ma masu kawowa muna da namu, kuma gaskiyarku ne. Mutum zai je fili ya zaɓo dutsen da yafi ƙyalli guda ɗaya ya kawo, in amsa ta fito da kyau ya ce duk tudun haka yake. Wani ya haɗa samfur mai nauyi da mara nauyi a buhu ɗaya ledojin sun yage, wani lambar da ya rubuta ta goge, wani kuma ya matsa maku da waya yana so a gama masa gobe da safe a kan rabin kuɗi. Wannan duk akwai. Amma ku ne masu ilimin abin, wanda ya kawo sau da yawa bai ma san tambayar da zai yi ba, don haka nauyin faɗa masa yana kanku.

Kuma wannan damuwar ba yau ta fara ba. A 1951 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da sakamakon wani gwaji da Fairbairn na jami'ar MIT da abokan aikinsa suka jagoranta. Duwatsu biyu aka niƙa, wani giranait daga Rhode Island da aka sa wa suna G-1 da wani baƙin dutse daga Bajiniya da aka sa wa W-1, aka rarraba garin ga ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban, manyan ƙwararru na lokacin. Da amsoshi suka dawo sai kunya ta kama kowa, don hatta a manyan sinadaran dutsen irin su silika an sha bamban fiye da yadda ake zato, balle a zo kan 'yan ƙananan. Daga nan aka gane cewa kowane lab da kansa yake yarda kawai, ba wanda ya taɓa gwada shi da na waje. Shi yasa yau ake da duwatsun ma'auni irin BCR daga kogin Kolombiya da BHVO daga aman wutar Kilauea a Hawai, da ɗaruruwan wasu da kamfanoni ke haɗawa, garin da an riga an san abin da ke cikinsa. Nasan kuna sa su a cikin kowane zubi, dole ne ma in dai lab na gaske ne. Abin da nake roƙo shine ku buga mana amsarsu a ƙasan tamu, ga abin da ya kamata ya fito ga abin da ya fito. Kuma dutsen ma'aunin ya yi kama da namu, ba a gwada inji da baƙin dutsen aman wuta ba sannan a auna ƙasa mai tsatsa ko dutsen kwalli mai cike da dalma a ce komai daidai.

Haka samfurin fanko, wanda aka bi da shi duk matakan aiki amma ba komai a cikinsa. Wanda ya koya wa duniya darajar fanko shine Clair Patterson. Yana ɗalibi a Chicago aka ba shi aikin auna dalma a zirkon da duwatsun da suka faɗo daga sama, sai ya tarar duk abin da ya auna dalmar ta yi yawa, tana cikin asid, tana cikin ruwa, tana cikin ƙurar ɗaki, tana jikin kayansa da gashinsa. Sai da ya gina ɗaki na musamman a jami'ar Caltech, yana tace asid ɗinsa da kansa, kafin a 1956 ya fitar da cewa shekarun duniya biliyan 4.55 ne, lambar da har yau bata motsa sosai ba. Bin diddigin wannan dattin ne ma ya kai shi ga gano yadda dalmar da ake sa wa fetur ta cika iska da teku, ya shiga rigima da masu masana'antar shekara da shekaru. Darasin da ya bari ga masu awo mai sauƙi ne, in fankonka ya nuna 5 samfurinka ya nuna 7, to baka auna 7 ba, kusan ba abin da ka auna. Mu kuwa da ba a nuna mana fanko, ta ina zamu sani?

Ga kuma labarin iridiyom. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter da Frank Asaro da Helen Michel suka bayyana cewa wani siririn layin yumɓu a Gubbio ta Italiya, kaurinsa kamar santimita ɗaya, yana da iridiyom kusan ninki 30 na duwatsun da ke samansa da ƙasansa, na Denmak ma ya fi haka nesa. Duk abin a 'yan ppb ake magana, amma a kansa aka gina maganar cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama shekara miliyan 66 da suka wuce ya ƙarar da dainoso. Abin da ya sa aka kasa ture maganar duk da an so, sun auna sama sun auna ƙasa, sun je wasu ƙasashen sun sake, sun faɗi hanyar da suka bi dalla-dalla har wasu suka maimaita suka samu. Da lamba ɗaya suka miƙo ba bayani da tuni an manta da su.

Injinanku na yanzu sun fi na waccan zamanin nesa. Tun da Alan Walsh ya kawo awo da hasken fitila a Ostireliya a 1955, aka zo ICP-MS, injin da ke tantance ƙarafa ta nauyin ƙwayar zarrarsu, da aka fara bayyanawa a 1980, yau cikin 'yan mintoci inji zai zubo maka ƙarfe arba'in ko hamsin. Amma saurin nan shi ke sa a manta inji nauyi kawai yake ƙirgawa, bai san suna ba. Asinik nauyinsa 75. Iskar agon da ke kunna wutar injin 40 ce, kulorin da ke cikin asid 35, in suka manne sun zama 75 cif, inji ya rubuta asinik alhali babu. Bariyom in ya haɗu da oksijin yana zama a kujerar yurofiyom, kuma masu nazarin asalin duwatsu a kan yurofiyom ɗin nan suke gina hujja babba. Akwai maganinsu, ana hura hiliyom a fasa haɗin ko a yi gyara da lissafi, amma an yi ko ba a yi ba, takarda bata faɗa. Sannan inji yana gajiya, abin da ya karanta da safe ba lallai ya karanta da yamma ba in ba ana dawo masa da ma'auni a kai a kai ba, kuma in samfur mai nauyi ya wuce yakan bar saura a bututu ya shafa wa biyu ukun da ke biye da shi. Don haka jerin da aka bi wajen awo ma bayani ne, ku daina ɓoye shi.

Sai 'yar bindigar nan ta XRF da ake riƙewa a hannu, wadda ta zama abin yayi. Na'ura ce mai amfani, ban raina ta ba, a fili tana nuna maka inda zaka ɗiba da inda zaka wuce. Amma fatar dutse kawai take gani, wuri ɗan mitsitsi, ka juya dutsen ta ba ka wata amsar, in da danshi ta rage. Hasken da kowane ƙarfe ke mayar mata take karantawa, na asinik da na dalma kuwa kusan a wuri ɗaya suke faɗowa, in dalma ta yi yawa asinik sai ya ɓace a bayanta ko ya fito na ƙarya. Na zinare kuma yana maƙale tsakanin na tutiya da na tangstin, shi yasa zaka ga ta rubuta zinare ppm kaza a dutsen da ko ƙamshinsa babu. Litiyom kuwa sam bata ganinsa, rashin nauyinsa yayi mata yawa. Duk da haka ana samun masu danna ta a kan dutse daƙiƙa talatin su buga takarda da kan lab su ba mutum a matsayin awon zinare ko na litiyom. Haba malamai. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma sunan sana'arku yake ɓatawa, ku ya kamata ku fara tsawatarwa kafin kowa. In da bindiga aka yi a rubuta da bindiga aka yi, a kan ɗanyen dutse ko a kan gari.

Alamar nan ta "ƙasa da" ma tana buƙatar bayani. In kun rubuta ƙasa da 5, ba ku ce babu ba, kun ce idon wannan hanyar bai kai can ba. Mai neman zinare a ƙasar sama yana farautar 'yan ppb ne, in iyakar ganinku ta fi abin da yake nema to ya yi asarar kuɗinsa tun kafin a kunna inji, kuma da an tambaye shi me yake nema da an faɗa masa. Wasu kuma manhajar lab ɗinsu sai ta mayar da alamar sifili, mutum ya zuba a kwamfuta ya fitar da taswira ta ƙarya. Can sama ma haka, in samfur ya wuce ƙarfin hanyar, a ce sama da 10,000 ppm, a sanar da mai shi a sake da hanyar da ta dace, kar a bar shi ya ɗauka 10,000 ɗin ce amsa. Kuma lambar da take dab da iyakar gani, ko ninki biyu ko uku nata, kowa a cikinku ya san rawa take, to a sa mata alama mana.

In wani yana ganin duk wannan ƙaƙale ne, ya tuna Bre-X. Kamfanin Kanada ne da ya ce ya gano zinare a Busang cikin dajin Borneo ta Indunusiya, ana ta ƙara adadin har ya haura oza miliyan 70, hannun jarinsa ya kai biliyoyin dala, har asusun fansho na malaman makaranta ya shiga. A 1997 da kamfanin haƙar ma'adinai Freeport ta huda nata ramukan kusa da nasu bata samu abin kirki ba, masu binciken da aka ɗauko suka tabbatar barbaɗa zinaren ake yi a cikin samfur kafin ya isa lab. Abin lura anan, lab ɗin ba ƙarya yayi ba, zinaren da aka kawo masa ya auna daidai. Amma ƙa'ida ita ce a tsaga sandar dutsen da aka huɗo biyu a aje rabi don gobe, su kuwa niƙe kusan duka suke, ba abin da wani zai koma ya duba, kuma ƙwayoyin zinaren da aka leƙa da madubi irin na rafi ne masu mulmulallen baki, ba irin na cikin dutse ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan wannan ne Kanada ta kafa dokar NI 43-101 a 2001, wadda ta tilasta wa kamfani ya faɗi yadda aka ɗebi samfur, wa ya riƙe shi, wane lab, wace hanya, da wane gwajin tabbatarwa. Ostireliya ma tana da nata tsarin JORC. To manyan kamfanoni doka ta kare masu zuba masu kuɗi, amma ƙaramin mai haƙa da ɗalibi da mai binciken gurɓatar ƙasa ba mai tilasta a basu wannan bayanin, sai in ku kun ga dama.

Shi yasa nake cewa in leda ta iso maku a buɗe ko hatiminta ya karye, ku rubuta. In garin da aka kawo an riga an niƙa shi a wani wuri, ku rubuta cewa ba ku kuka niƙa ba. Ku aje ragowar gari da tsakuwar na wani lokaci sananne, ku faɗa mana ranar da za a zubar, don mai shakka ya ɗauka ya kai wani lab ɗin, kuma don Allah kar ku ɗauki hakan a matsayin cin fuska, lab ɗin da ya yarda da aikinsa shi ke cewa je ka gwada. Takardar ISO 17025 ta shaidar ingancin lab da ke rataye a bangon ofis ma a faɗi gaskiya a kanta, hanyoyi ƙididdigaggu aka tantance ba duk abin da lab ke yi ba, to wadda aka yi wa samfur ɗina tana ciki ko bata ciki? Kuma akwai gwajin da ƙungiyar masu awon duwatsu ta duniya ke shiryawa, GeoPT, a aiko maku gari ba ku san amsarsa ba ku auna ku mayar a gwada ku da sauran lab na duniya. In kuna shiga ku nuna mana yadda kuka yi, har wanda bai yi kyau ba, in ba kwa shiga kuma ku fara.

Nasan abin da manaja zai ce, kwastoma baya karantawa, shafi ɗaya yake so, in ka cika masa bayani ruɗewa zai yi. Wasu haka ne. Amma duk bayanan nan suna cikin kwamfutarku tun ranar da aka yi aikin, ba sabon awo za a yi ba, bugawa ne kawai. Ku bar shafin farko yadda yake ga mai sauri, ku ƙara na biyu, hanyar niƙa da ta narkawa, nauyin da aka ɗiba, iyakar gani ta ƙasa da ta sama, fanko, dutsen ma'auni, tagwaye, da layi biyu cikin harshen da mutum zai gane in akwai abin da ya ba mai awon kansa shakka. Wanda bai iya karantawa ba zai kai wa wanda ya iya. Kuma a wajen karɓar samfur a sa mutumin da ya san aikin, ya tambayi mai kawowa me yake nema da kuma me zai yi da amsar kafin a rubuta masa rasit.

Na gode da haƙurin karantawa, a gaida ma'aikatan ɗakin niƙa da na bakin tanderu.

Naku,
ɗaya daga cikin masu kawo maku samfur